Yadda Dagwas Ta Haure Gadon Baba Saiti

A duk layin babu wanda ya san Baba Saiti da wani suna ban da wannan. Shekara arba'in da ɗaya yana aikin kafinta, kuma duk abin da ya fito daga hannunsa, kujera ce ko ƙofa ko teburin makaranta, sai ya kama shi ya jijjiga, ya hau ya zauna in abin zama ne, ya ɗan yi tsalle a kai, sannan ya zare fensir daga bayan kunne ya nuna mai kayan da shi ya ce, "Ya yi saiti." Tun ana kwaikwayonsa a bayan ido har aka dawo ana kiransa da shi a gabansa, shi kuma yana amsawa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, babban yatsansa na hagu ya rasa rabin farce tun yana koyon aiki, ga taurin kai irin na mutumin da hannunsa bai taɓa ba shi kunya ba.

Shagon yana ƙasa, gidan yana sama, tsakaninsu matakala goma sha huɗu waɗanda shi ya kafa su. A saman nan suka raini 'ya'ya huɗu shi da matarsa, wadda kowa ke kira Inna, har shi kansa. Abin da Inna ba ta gajiya da faɗa wa baƙi shi ne, duk 'ya'yan nan huɗu babu wanda ya taɓa kwana a gadon jarirai. Ya yi wa rabin unguwa, nasa kuwa kullum sai ya ce bari ya gama aikin da ke hannunsa. Kafin ya gama, yaro ya shiga makaranta.

Shi ya sa da Auta, ƙaramar 'yarsu, ta haihu, ya daina karɓar aikin kowa har sati uku. Ya zaɓi katako ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne. Sandunan gefe ya jera su yadda yatsu uku kaɗai za su shiga tsakani, don kada kan jariri ya maƙale. Ya goge da sanfefa har Inna ta ce in ya ƙara gogewa babu abin da zai rage. Ya yi wa katifa mazauni uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa. Ranar da ya gama sai ya shiga ciki da kansa, ya zauna ya naɗe ƙafafu, ya kama sanduna ya jijjiga iya ƙarfinsa.

"Fito, Malam, kafin wani ya shigo ya ce ka zautu," in ji Inna.

"Wannan gadon," ya ce daga ciki, "ko ɗan akuya aka sa a ciki, sai dai ya yi kuka a zo a fito da shi."

Mijin Auta direban babbar mota ne, in ya tafi sai ya yi sati uku bai dawo ba, ita kuma tana aiki a wani kantin magani daga safe har yamma. Saboda haka ita da jaririyar suka fi zama a gidan tsofaffin, aka kafa gadon a tsohon ɗakin Auta. Yarinyar ta zo 'yar ƙarama dagwas, sunan ya bi ta. Wata ashirin Dagwas tana kwana a gadon nan lafiya lau, Baba Saiti kuwa duk wanda ya zo shago da ƙarar kwana sai an hau da shi sama ya gani.

Ranar wata Talata, bayan an ci abincin rana, Inna ta kwantar da ita kamar kullum, ta ja ƙofa, ta koma falo ta miƙe ƙafa da rediyo a cinya. Baba Saiti yana ƙasa yana auna wata ƙofa. Allah ya taimaka ya riga ya kashe injin yanka. Yana duƙe da tef a hannu yana ƙunƙunin lambobi, sai ya ji ana jan ƙafar wandonsa. Ya ɗauka kyanwar maƙwabta ce, ya girgiza ƙafa ya ce ta tafi can. Aka sake ja. Da ya waiwayo, ga Dagwas tsaye cikin dusar katako har idon sawu, safa ɗaya a ƙafa, tabarau ɗin Inna a hannu tana miƙo masa.

"Taiti," ta ce. "Ga."

Ya dubi yarinya, ya dubi matakala, ya dubi zarto da kwalin ƙusoshi da ke buɗe taku biyu daga inda take. Ya sure ta ya haye sama yana tsallake matakala bibbiyu, abin da rabonsa da yi ya fi shekara goma.

"Inna! Wane irin sakaci ne wannan? Ki fito da yarinya ki sake ta ta gangaro shago?"

Inna ta farka firgigit, rediyo ya faɗi. "Wace yarinya? Tana gadonta."

"To wannan 'yar wace ce?"

Inna ta laluba tabarau ba ta samu ba, ta matso ta ƙura ido. "La! Kai ka ɗauko ta ke nan."

"Ni da nake ƙasa tun ɗazu?"

"To ni ma ina nan ina sauraren labarai."

"Da munshari kike sauraren?"

Suka ɗunguma ɗaki. Gado yana nan cif, sanduna sun cika, babu wadda ta karye ko ta sassauta. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ja. Ya leƙa ƙarƙashi. Har yamma suna musu, shi yana cewa ta fito da ita cikin magagin barci ta manta, ita tana cewa tsufa ne ya fara taɓa shi. Auta ta dawo aiki ta saurari kowa, ta rungume 'yarta tana duba ƙafa da hannu, sannan ta ce, "Baba, haurowa ta yi."

"Ba zai yiwu ba. Na auna."

"Gadon ka auna. Yaushe rabonka da auna ta?"

Ya kau da kai. Ya dai ce gobe kowa zai ga gaskiya da idonsa.

Washegari aka kwantar da Dagwas, aka bar ƙofa a ɗan buɗe, tsofaffin biyu suka laɓe a baya, Inna a tsugune, shi a tsaye a kanta, ido ɗaya-ɗaya a tsagar ƙofa. Yarinya ta yi lamo kamar mai barci. Minti biyar, minti goma. Inna ta fara raɗa masa cewa gwiwarta za ta cire. Can sai ga kai ya ɗago. Dagwas ta duba hagu ta duba dama. Ta ɗauki 'yartsanarta ta jefo ta waje, kamar mai aika ɗan leƙen asiri ya gano hanya. Ta jawo filo zuwa kusurwa, ta ɗora giwar auduga da kawunta ya sayo mata a kai, ta taka. Ta maƙale sanda da yatsun ƙafa, ta cilla ƙafa ɗaya sama ta rataye a kan katakon gefe, ta yi nishi, ta mirgino da cikinta, ta yi lilo da hannu biyu, ta saki. Tim, a kan mazaunai. Ta zauna ta tafa wa kanta.

Inna ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Baba Saiti kuwa bai san lokacin da ya banko ƙofa ba.

"Kai! Kin ga yadda ta sa ƙafar nan? Kin ga dabara? Wallahi jinina ce!" Ya shiga tafi shi ma.

Dagwas ta ga an samu 'yan kallo, ta miƙe ta ɗaga masa hannuwa. "Kuma!"

"Ka gani ko?" in ji Inna, tana share hawayen dariya. "Ka tafa mata. Yanzu sai ka san yadda za ka yi da ita."

Daga ranar aka shiga fafatawa tsakanin mai shekara sittin da uku da mai wata ashirin. Ya fara da kwashe duk abin da za a taka: filo, giwa, bargon da take dunƙulewa. Ya kwance ƙusoshin murɗi ya sauke katifa zuwa mazauni na ƙasa, abin da Auta ta ce tun tuni ya kamata a yi, shi kuma ya yi kamar bai ji ba. Ya janye kujerar da ke gefen gado, ya juya gadon yadda gefen da ya fi tsawo ya dubi ɗaki, gajeren ya jingina da bango. Ya jijjiga, ya ce ya yi saiti. Kwana biyu aka samu. Rana ta uku Inna tana wanke-wanke ta ji an rungume ƙafarta ta baya.

Inna ta ce a bar mata nata gwajin. Ta zauna a keken ɗinki ta haɗa wata riga kamar jaka, hannuwa a waje, ƙafafu biyu a ciki, da zif a gaba, don ƙafa ta kasa kaiwa saman gado. Dagwas ta dubi zif ɗin, ta ja shi ƙasa tun kafin Inna ta kai ƙofa. Aka juya rigar zif ya koma baya. Wannan ya yi kwana huɗu, har Inna ta fara tafiya tana ɗaga kai a gaban mijinta. Rana ta biyar yarinya ta janye hannuwanta ciki, ta juya rigar a jikinta har zif ya dawo gaba, ta fito, ta kawo wa kakarta rigar har falo ta ɗora mata a cinya.

Baba Saiti ya sauka shago ya dawo da katako huɗu a hammata. Auta ta tare shi a bakin ɗaki.

"Me za a yi da waɗannan, Baba?"

"Zan ƙara tsawo. Kamu ɗaya."

"In ta haye kamu ɗayan fa? Daga can sama za ta faɗo ke nan."

Ya sosa gemu. "To murfi. Mai raga, mai kyau, da 'yar sakata."

"Murfi? Baba, kejin kaji za ka yi wa jikarka?" Ta yi dariya, sannan ta daina. "Da gaske nake, kada ka yi. Ma'aikaciyar jinya da ke duba yara a asibiti ta ja mana kunne. Yaro yakan tura kai tsakanin murfi da gado, ya maƙale wuya, kuma ba ya iya kuka a ji. Ta ce in yaro ya fara haurowa, gadon ya gama aikinsa."

Wannan kalmar ta ƙarshe ita ta yi masa ciwo. Ya mayar da katakonsa ƙasa, kuma ranar ko shayin yamma bai sha ba. Amma kafin magariba ya haɗa ƙyaure ɗan gajere a saman matakala, ya kafe shi da bango ta gefe biyu, ya sa masa wata irin sakata ta ƙirƙirarsa wadda sai an danna an ɗaga an murɗa lokaci guda. Dagwas ta gwada ta kasa. Washegari da ya tafi kasuwar katako, Inna ma ta gwada ta kasa. Awa biyu tana sama a kulle, maƙwabciya tana miƙo mata albasa ta saman ƙyaure, suna hira suna tsine wa basirar maza. Da ya dawo ya ce ai ga shi nan, abin ya yi aiki fiye da yadda aka nema. Sai da ya koya mata sau shida.

Tun da aka tsare matakala sai hankalin kowa ya kwanta. Haurowar Dagwas ta zama abin nishaɗi a gidan. Aka shimfiɗa tsohuwar katifa a gindin gado saboda faɗuwa, aka bar ta. In ta fito ta zo falo sai a yi dariya a mayar da ita.

Ranar Asabar da rana Baba Saiti ya hau sama ɗauko wayarsa da ya manta. Inna tana baranda tana shanya. Yana ratsa falo sai ya ji wani ƙiii daga ɗakin Auta. Ya san sautin, domin shi ya yi abin: doguwar kwabar kaya ce mai dirowa biyar, ya haɗa ta tun Auta tana firamare, kuma dirowa ta biyu daga ƙasa ita ce ke wannan kukan. Ya tura ƙofa.

Dagwas ta jawo dirowa ta ƙasa, ta jawo ta biyu, ta jawo ta uku, ta mayar da su tsani. Tana tsaye a kan ta biyu, hannu ɗaya a miƙe tana neman kamo agogon da ke can sama. Ƙafafun kwabar na baya sun riga sun bar ƙasa.

Bai san yadda ya ƙetare ɗakin ba. Ya dai san kafaɗarsa ta daki katako, hannunsa na dama ya damƙi bayan rigar yarinya ya fizge ta gefe. Agogo ya wuce ta gefen kunnensa ya tarwatse a ƙasa, madubi ya bi shi, kwalaben turare suka biyo baya. Dirowa ta sama ta zame ta sauka a kan ƙafarsa. Ya tura kwabar ta koma ta daki bango.

Dagwas ta ƙyalƙyale da dariya. "Kuma!"

Sai ta dubi fuskarsa, dariyar ta tsaya, leɓenta ya fara rawa, ta fashe da kuka. Ya zauna daɓas a ƙasa cikin ƙamshin turare da fasassun kwalabe, ya rungume ta. Inna ta shigo da gudu da jiƙaƙƙen zane a hannu, ta ga abin da ya faru, ta dafa bango tana salati.

Ya ɗaga kai ya dubi kwabar. Ya san nauyin kwabar nan, shi da mutum biyu suka hau da ita. Daga baya ya ce, a hankali, "Sati uku ina kallon gado. Ko sau ɗaya ban kalli ɗakin ba."

Da Auta ta dawo ta ji labari, ta zauna a bakin gado ta yi kukanta ta share. Ita ce ta faɗa masa abin da ma'aikaciyar jinyar nan ta ce su yi, wanda a lokacin ta ɗauka wasa ne: babba ya durƙusa ya yi rarrafe a ɗaki, ya ga abin da idon yaro ke gani.

Washegari da safe Baba Saiti ya naɗe ƙafar wando ya sauka a kan gwiwa da tafin hannu. Dagwas ta ga abin da ta daɗe tana jira, ta haye bayansa ta kama kwalar riga. Inna ta biyo su da takarda da fensirinsa tana rubutawa.

"Soket, biyu, a buɗe. Rubuta."

"Na rubuta."

"Igiyar labule, ta sauko daidai wuyanta. Wayar dutsen guga tana lilo, in ta ja ya sauko mata a ka. Rubuta. Wannan kuma mene ne?" Ya zura hannu ƙarƙashin gadon Auta ya zaro wata 'yar farar ƙwaya. "Maganin hawan jininki ne, Inna."

"Ai kuwa tun watan jiya nake nemansa."

"Kin yi sa'a ni na samo miki."

Suka sami maɓalli uku, allura ɗaya, batirin agogo ɗan mitsitsi. Suka ga taga tana buɗewa har ƙarshe, ga akwati a ƙarƙashinta kamar an ajiye don a taka. Suka rarrafa zuwa banɗaki suka tarar da bokiti cike da ruwa, tsawonsa daidai ƙirjin yarinya. Daga nan ƙasa gidan da ya shekara talatin a ciki ya koma masa wani wuri dabam, ko'ina ƙugiya, ko'ina tsani. A tsakiyar falo ya yunƙura zai miƙe, sai bayansa ya ce bai san zancen ba.

"Inna, kama ni."

"Me ya faru?"

"Baya ya riƙe. Sauke yarinyar nan tukuna."

Dagwas ta ƙi sauka, tana dukan haƙarƙarinsa da dugadugai tana cewa ya tafi. Inna ta kama dariya har ta kasa ɗaga hannu, ta zauna a hannun kujera tana riƙe ciki. Daidai nan aka yi sallama a saman matakala. Hedimastan makarantar layin ne, ya zo maganar bencina, ya ga shago a buɗe babu kowa ya hauro. Ya tsaya a bayan ƙyaure da hularsa da jakarsa, yana kallon babban kafintan unguwa a kan ƙafa huɗu.

"Ko na dawo anjima, Baba?"

"A'a, shigo, ranka ya daɗe. Aiki muke."

Hedimasta ya kama sakata ya danna, ya ɗaga, ya murɗa, ba ta buɗe ba. Daga ƙasa Baba Saiti yana ba shi umarni, Inna tana gyara masa, har mutumin ya haƙura ya tattare riga ya ƙetaro ta sama. Shi ya ɗaga Baba Saiti.

Kwana biyu Baba Saiti yana tafiya a karkace, amma bai zauna ba. Ya huda bango ya ɗaure kwabar da ƙarfe biyu, ya ɗaure wadrob, ya ɗaure kantar littattafai da teburin talabijin. Ya rataya a jikin kowanne da dukan nauyinsa ya ga ko zai motsa. Ya toshe soket, ya naɗe igiyar labule can sama, ya sa wa taga katako yadda ba za ta buɗe fiye da faɗin tafin hannu ba. Magungunan Inna suka koma akwati mai makulli. Aka kafa doka a kan bokiti: a juye, a kife.

Gadon ya bari ƙarshe. Ya shiga ɗakin da sukudireba da zarto, ya ce kowa ya fita. Inna ta laɓe tana leƙe, ta ga ya tsaya ya daɗe yana shafa katakon gefe kafin ya sa hannu. Ya kwance gefe ɗaya gaba ɗaya, ya rage ƙafafun har katifa ta kusa taɓa ƙasa, ya kafa ɗan guntun katako ta wajen kai don kada ta mirgino cikin barci, ya goge duk inda zarto ya bi. Ya fito da sandunan a rungume.

"Ka yi kuka ne, Malam?"

"Dusa ce ta shiga mini ido."

Ranar farko a sabon gado Dagwas ta fito sau goma sha ɗaya. Auta ta riga ta gargaɗe su: ba dariya, ba tafi, ba hira, a kama hannunta a mayar da ita a ce lokacin barci ne. Inna ta iya. Baba Saiti kuwa a karo na huɗu, da yarinya ta leƙo da wandonta a ka kamar hula, sai da ya ruga baranda ya cusa fuska cikin tawul. Rana ta biyu sau bakwai. Bayan sati guda ta gane babu mai kallo, babu kuma abin haurewa, ta fara yin barcinta. In ta farka sai ta tako har ƙyauren matakala ta kama shi tana jijjigawa tana kwala kira, "Taiti! Taiti!" har ya ajiye abin da yake yi.

Abin bai bar shi haka ba. Ya zauna ya tuna kwaba nawa da wadrob nawa ya yi wa mutane cikin shekara arba'in da ɗaya, babu ko ɗaya da ya ɗaure da bango. Ya fara rufe shago da wuri ranar Asabar, ya saɓa jakar kayan aiki ya bi gidajen tsofaffin abokan cinikinsa, duk inda ya san akwai ƙaramin yaro. Wasu suka yi murna. Wasu suka ɗauka neman aiki yake, sai da ya rantse ba ya son komai. Kuma duk gidan da ya shiga, kafin ya huda bango sai ya sa maigidan ya yi rarrafe.

Wanda ya fi ba shi wahala wani dillalin motoci ne, ƙato mai tumbi, mai tagwaye 'yan wata goma sha takwas. Ya tsaya a tsakiyar falonsa cikin farar riga mai guga ya ce, "Haba Baba, ni? A gaban iyali?"

"Ni da na girme ka da shekara ashirin na yi, a gaban hedimasta."

Matar gidan ta ce ai ita ma tana so ta gani. Dillali ya cire agogo, ya yi nishi, ya sauka. Tagwaye suka yi ihu suka haye shi su biyu. Bai yi taku biyar ba ya zaro reza daga ƙarƙashin kujera, ya daina gunaguni. Ya ci gaba da kansa, ya shiga bayan labule, ya fito ta gefen firiji, yana kiran matarsa ta zo ta ga wayar da ɓera ya ci. Can ƙarƙashin teburin cin abinci ya tsaya, sannan ya ɗago hannu da wani abu yana walƙiya.

"Ɗan kunnena!" in ji matar. "Wanda ka ce a gidan biki na yar!"

"To ai ga shi na nemo miki."

"Ci gaba, akwai ɗayan."

Baba Saiti ya bar su suna yi, ya zare fensir daga bayan kunne ya je ya sa alama a bango inda zai huda.